Kafin Ruwa Ya Wanke Jinin

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, iyayena mata da 'yan'uwana. Ku yi haƙuri, a zaune zan yi maganata, gwiwoyin nan sun daina jin magana. Ni ce Saratu, matar Baban Ladi tela, wanda kuke gani yana ɗingisawa zuwa sujada.

Daminar shekarar mulkin kai ce. Mun baro ƙasar Zuru mun kama ɗaki nan Birnin Kebbi, shi yana leburanci a wani kamfani mai gyaran hanyar Argungu. Suna sa kwalbati can bayan gari, wajen hanyar Ambursa.

Wata rana da hantsi sai ga abokin aikinsa ya goyo shi a keke. Wai zazzaɓi. Zazzaɓi da tsumma a ƙafa, jini na ɗiga? Na kwance tsumman na duba. Bututun siminti ne ya kuɓuce ya murƙushe masa yatsu. Shi kuwa ya aika wa heluma, wato shugaban leburori, cewa zazzaɓi ne, don kada a ba wani gurbinsa.

Na ce, "Maigida, a gaya wa kamfani."

Ya ce, "Ni da na yi golmo a gonar babanki? Fartanya ta sare ni, kin ji na ce wash? Kira mini mai ɗori. In kika je wurin nan kin zubar mini da mutunci."

Ku da ba 'yan wajenmu ba, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Wanda ya yi shi, ko mutuwa yake yi ba zai ce da zafi ba. Kai, mazanmu!

Maƙwabciyarmu Inna Hassi, Musulma ce mai sayar da soyayyen kifi, ta leƙo ta gani. Ta ja ni waje ta ce, "Ke Saratu, mi kika jira? Haka nan ƙarhe yah hwashe ma maigidana Malam ido wurin aikin ga, yay yi kurum. Da munka tahi daga baya, sunka ce ƙugiyar kamun kihi ta. Ko sisi! Tashi ki tai yanzu, dubi hadari."

Ban taɓa ƙetare maganar mijina ba. Na durƙusa gindin murhu, ko addu'ar kirki ban iya ba. Cewa kawai na yi, "Ubangiji, na gaji. In na tafi na saɓa wa miji, in na zauna ƙafa ta ruɓe, mu da yara mu ci me? Ka zaɓar mini." Ban ji wata murya ba, kada in yi ƙarya a ɗakin Allah. Tsoron ne dai ya sauka daga ƙirjina, na ga na miƙe ina ɗaura kallabi.

Na isa wurin, gabas ta yi baƙi ƙirin. Heluma ya ce, "Ke, nan ba wurin mata ba ne, mijinki zazzaɓi yake yi." Na wuce shi, na nemo bututun. Ga jini nan shame-shame a jikinsa, ga takalmin Baban Ladi ƙafa ɗaya a ƙarƙashi. Na zauna a kai daram. Na ce, "Zazzaɓi ne ya zubar da wannan? Ba inda za ni sai akawun kamfani ya zo ya gani da idonsa."

Akawu ya zo, ya duba, ya tambayi waɗanda abin ya faru a gabansu, ya rubuta. Bai gama rufe alƙalami ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina kallo jinin ya bi rariya. A yabi Ubangiji!

Motar kamfani ta kai shi asibiti. An yanke yatsu, amma ƙafa ta tsira. Likita ya ce da an ɗaure ta a gida, da daga gwiwa za a cire.

Diyya kuwa, wayyo, kada ku ce a tire aka miƙo mana ita. Je ki dawo, je ki dawo, har Sakkwato na sha hanya da goyo. Na saƙa tabarmi har idona ya raunana. Ga miji a gida ya daina yi mini magana, in ajiye tuwo ya juya baya. Na gaji, 'yan'uwa, na gaji har cikin ƙashi. Amma duk ofishin da na shiga, rubutun ranar nan na nan, babu mai iya cewa ƙugiya ce. Da diyyar ta fito muka sayi keken ɗinki. Malam mijin Inna Hassi, har ya bar duniya bai ga komai ba, abin na ci mini rai har yau.

To, wadda mijinta ko ɗanta ya ji rauni wurin aiki, ta yi addu'a, ta tashi a ranar ta kai magana. Allah yana ji, ko bakinki ya kasa haɗa kalma.

Baban Ladi har gobe bai ce mini na gode ba, ɗan golmo ne. Amma rigar nan da ke jikina shi ya ɗinka, ban roƙa ba, kuma da ƙafar nan ya taka keken. Na gode wa Yesu. Amin.