Ɓawon Raken Da Na Tara Ya Kusa Cinye Numfashina

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ni ne Barau, wanda kuka sani da mazarƙwaila a kasuwar Makarfi. Yau ban zo da kaya ba, shaida na kawo.

A 'yan shekarun bayan Turawa sun miƙa mulki, ina da injin matse rake a fadamar Gubuchi, doki na juya shi, ni ina bakin kasko ina dafa ruwan. Gado ne daga ubana, kuma ina ji da kaina a kai. Abin da na fi tinƙaho da shi shi ne ban taɓa sayen itace ba. Ɓawon raken da inji ya matse nake tarawa a wani ɗaki ya kwana damina, in aiki ya zo in riƙa ɗiba ina hura wuta. Har dariya nake wa masu yawon neman itace.

Sai numfashi ya fara yi mini wuya. Da yamma zazzaɓi, ga busasshen tari, in na hawo daga fadama sai na tsaya sau uku. Na sha sassaƙe, na sha saiwa, ba sauƙi. Rannan muna sujada a majami'a aka ɗauko waƙa, na kasa kai baiti ɗaya ƙarshe. Na zauna, tsoro ya kama ni sosai.

Matata Laraba ce ta matsa. Ta ce, "Maigida, taurin kan nan naka ba zai renar mana yara ba." Maƙwabcina Malam Sale, Musulmi ne, mutumin kirki, shi ya bar aikinsa ya raka ni asibiti a Zariya.

Suka duba majina, suka ɗauki hoton ƙirji, suka ce ba tarin fuka ba ne. Daga nan aka kai ni gaban wani abu kamar gwangwani da aka kifa cikin ruwa, da tiyo a jikinsa, da alƙalami mai zane a takarda. Malamin asibiti ya matse mini hanci, ya sa mini tiyon a baki.

"Baba, cika ƙirjinka. To, busa! Busa! Kada ka tsaya!"

Na busa har idona ya yi ja, gwangwanin ya ɗan ɗaga kawai. Likita ya ce iskar da huhuna ke ɗauka ta yi kaɗan ga mutum mai tsayina da shekaruna. Na ce, "Likita, ni fa allura na zo a yi mini, ba busa ba." Ya yi murmushi, ya kwantar da ni mako biyu. Da na sake busawa, zanen ya hau sama. Ya ce in koma aikina, in dawo bayan kwana goma.

Na dawo, zanen ya sake faɗowa ƙasa. Sai ya zaunar da ni yana tambayar aikina daki-daki, har muka iso kan ɗakin ɓawo. Ya ce, "In ka ɗaga shi, wani gari-gari yana tashi?" Na ce ƙwarai, fari fat. Ya jera takardun uku a gabana, ya ce garin nan funfuna ce, ita nake shaƙa. In na bari yanzu huhun zai iya farfaɗowa, in na ci gaba zai ƙandare, ba mai mayar da shi.

'Yan'uwa, zan faɗa muku gaskiya, ban yarda ba. Na dawo gida ina roƙon Allah ya warkar da ni, amma ya bar mini ɗakin ɓawona. Na je wurin mai bishararmu, Malam Ishaya, ya taya ni addu'a. Muka durƙusa a ƙarƙashin mangwaron majami'a da hantsi. Kafin ya fara sai ya ce, "Ɗan'uwa Barau, mu roƙi Ubangiji ya nuna maka ciwon, ko mu gode masa da ya riga ya nuna?"

Sau uku Allah ya zana mini gaskiya a takarda, ni da ban iya karatu ba ma na gane ta! Na yi kuka, na ce, "Ya Uba, girman kai ne ke shaƙe ni. Ka gafarta mini."

A ranar Malam Sale da ƙannena suka fitar da ɓawon suka cinna masa wuta, ni ina can nesa ina kallo. Na miƙa wa wani ƙanena injin da dokin, na koma ɗaukar mazarƙwaila zuwa kasuwa. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Bayan wata shida na koma na busa, gwangwanin ya tashi har malamin asibitin ya tafa.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji mai ba da numfashi! Yarana sun girma a gabana, har na ɗauki jikoki. Ɗan'uwa, in ƙirjinka ya yi nauyi, ka yi addu'a, ka je a auna ka. Kuma in Allah ya amsa, ka dogara gare shi ka karɓi amsar, ko da ta ce ka saki abin da ka fi so. Amin.