Jirgin da Badaru Ke Tuƙawa

A tashar Gare de Lyon ta Paris, Badaru na jiran jirgin ƙasa zuwa Lyon, sai wata hajiya mai ƙunshin atamfofi ta ji shi yana Hausa a waya. Ta matso, suka gaisa.

"Ɗana, aikin me kake a Lyon?"

"Jirgi nake tuƙawa, Hajiya."

"Na sama?"

"Na ƙasa, na kaya. Ɗan guntun layi ne, daga inda ake fasa dutse zuwa bakin kogi."

"Af, amalanke ke nan," in ji ta.

Badaru ya gyara zama. "Amalanken nan ya girmi kakana. Kwal ya fara ɗauka, ramin kwal ɗin ya rufe, ya koma ɗaukar dutse. Kamiyo, manyan motocin kaya, suka zo, aka ce ya mutu, bai mutu ba. Yanzu kuma wai za su cire ƙarfen su yi hanyar keke."

"A gida sun san irin jirgin naka?"

"Jirgi kawai na ce wa innata. Ta zaga Damagaram tana cewa ɗanta na tuƙa na sama."

"Ba ka gyara mata ba?"

"Ran da suka rufe layin zan gyara mata." Ya saɓa jakarsa. "Ba za ta taɓa ji ba, Hajiya, don layin nan ba ya mutuwa."