Ƙafar Baban Bulus

Salama gare ku, iyayena mata da 'yan'uwana, a cikin sunan Yesu Kristi mai cetonmu.

Sunana Rifkatu, ina koyarwa a wata firamare a Unguwan Kanawa. Yawancinku kun zo duba maigidana, Baban Bulus, lokacin da yake kwance. Kun ga ƙafarsa, amma ba ku ga zuciyata ba.

Ranar da ya yi hatsarin, ni na kira shi. Na gama cefane a kasuwar Kawo, na ga ruwa na shirin sauka, na ce ya bar aikinsa ya zo ya ɗauke ni a babur. A hanya mota ta buge shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Ga keke-napep nan birjik a bakin kasuwa, 'yan'uwa. Da na hau ɗaya kawai!

Ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta sandare. Naman cinyar ya yi tauri, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Mutumin da ke hawa tsani yana haɗa wayar wuta a gidajen mutane, takalmi ma sai an sa masa.

Likitar gashin ƙashi ta sa muka sayo wani abu na soso mai tauri, kamar guntun tabarya mai kauri, wai rola. Ta nuna masa yadda zai kwanta a tabarma ya ɗora cinyar a kai, ya riƙa mirginawa a hankali safe da yamma. Ta ce da zafi, amma ta haka naman zai saki.

Ni kuwa na kasa jure nishinsa. Da ya fara, sai in ji kamar ni nake danne shi. In ruga in ce ya isa haka, in ɗaga shi, in kawo masa ruwa. Cokali ma ban bari ya ɗauka da kansa ba. Ina zuwa sujada, amma bakina ya yi nauyi wajen addu'a. Kunyar Allah nake ji.

Da muka koma asibiti, likitar ta gwada gwiwar, ta ce ba ta ga wani ci gaba ba, kuma in aka ci gaba a haka ƙafar za ta iya zama hakan ke nan. Da muka isa gida, Baban Bulus ya ce in zauna.

"Maman Bulus, ni ban taɓa riƙe ki a zuciya ba. Matata ta kira ni, na tafi, gobe ma zan tafi. Amma in kika ci gaba da hukunta kanki, ƙafar nan ba za ta saki ba."

Na durƙusa a bakin tabarmar ina kuka. Shi ya riƙe hannuna ya yi addu'ar, don ni na kasa. Ya roƙi Ubangiji ya sauke mini kayan da ba shi ya ɗora mini ba. Amin kawai na iya cewa.

Da yamma ni na ɗauko rolar. Ya yi nishi, gumi ya keto masa, na riƙe kafaɗarsa ina rera waƙar yabo, ban ce ya tsaya ba. Haka muka yi ta yi. A hankali naman ya saki, gwiwa ta fara lanƙwasuwa. Makon jiya ya koma aiki, ko da yake har yanzu yana ɗan ɗingishi.

Ba zan ɓoye muku ba, duk lokacin da na ga ɗingishin nan zuciyata takan yanke. Amma yanzu na san inda zan kai ta.

'Yar'uwa, in akwai abin da kike zargin kanki a kai, kada ki ɓuya wa Yesu kamar yadda na yi. Je masa da shi haka nan. Ku taya ni yi masa godiya. Amin.