Ashe Ba Fari Ba Ne Ya Ƙafar da Famfon Maamobi

Shugaban taro Alhaji Kadiri, sarakunan unguwa, limamanmu, Magajiya Sahadatu shugabar matanmu, iyayena maza da mata, mutanen Maamobi da maƙwabtanmu na Nima, assalamu alaikum.

Ni Fusena mai koko, ina godiya da kuka bar ni na tsaya gaban manya. Ni ba gwanar magana ba ce, amma abin da idona ya gani ya hana bakina shiru.

Da farko, ku tuna famfon bakin masallaci. Mazajenmu ne suka haƙa ramin bututunsa, mu mata muna kai musu abinci. Da ya ƙafe bana aka ce mana fari ne, muka ce hukuncin Allah, muka yi haƙuri. Ranar da Baba Alidu ya rasu, gida-gida aka bi ana tara ruwan wankan gawarsa, kofi-kofi. Ga Liman nan, shi ne shaida.

Na biyu, shekaranjiya Ziblim yana gyaran kwata a bayan kasuwa, digarsa ta bugi ƙarfe. Aka tone. Jama'a, bututunmu ne aka yanke, aka toshe bakin da ya nufo mu, aka juya ruwan zuwa gidan ƙanƙarar nan mai doguwar katanga. Na kara kunnena, na ji ruwa yana gudu. Ashe ba fari ba ne! Ashe tankar da ke fitowa daga gidan, ruwanmu take sayar mana!

Jiya ni da Magajiya muka je wurin mai gidan. Ko kujera bai ba mu ba. Ya ce daga sama aka ba shi izini, sannan ya dubi Magajiya, wadda a nan aka binne cibiyarta, ya ce, "Ku 'yan Zongo baƙi ne. Baƙo yana da ruwa?"

An ce baƙo raɓa ne. To, wace irin raɓa ce ke haihuwa har ta ga jikoki?

Tura ta kai bango, amma samari ku ji ni: ba fasa katanga, ba taɓa kowa. Ku yi gadin ramin kada a rufe shi. Gobe da hantsi kowa ya ɗauko bokitinsa, mu tafi ofishin ruwa mu zauna, ba tashi sai sun biyo mu sun gani da idonsu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya 'ya'yanmu, ya haɗa kanmu. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu da ruwanmu a gaba.

Na gode.