Kujerun Malam Ka-Gwada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Malam Liman, shugaban unguwarmu, shugaban ƙungiyar masu shaguna, malamai da dattawa. Hajiya mahaifiyar marigayi, Allah Ya ƙara miki haƙuri. Yaya Babba wan marigayi, mai ɗakin marigayi da 'ya'yansa, ɗalibansa, da sauran jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni tela ne, ban san komai a kwamfuta ba. An zaɓe ni in yi magana ne don bango ɗaya ya raba shagona da ajin da marigayi yake koyar da rubuta manhajar kwamfuta, kuma babu wanda ya kai ni yin musu da shi. Kullum da safe kafin ɗalibai su zo, zai fito da 'yar rediyonsa ya ɗora a kan keken ɗinkina, mu saurari labarai, mu gyara duniya mu biyu. Ni in ce gwamnati ce, shi ya ce mu ne. Ba mu taɓa tashi a kan ra'ayi ɗaya ba, kuma bai taɓa fashin zuwa ba.

Ya kasance mutum mai tambaya ɗaya, har ta zama sunansa. Ɗalibi ya ce ya gama rubuta manhajarsa, sai ya ce masa, "Ka gwada?" Ka zo masa da labari mai zafi, ka ce a waya ka gani an ce gobe za a rufe hanya ko an ƙara kuɗin wuta, tambayar dai ita ce. Ni kaina in na ɗinka masa riga na ce ta yi daidai, sai ya kalle ni ta saman tabarau, in ce masa ai shi zai gwada, ba ni ba.

Ya kasance ba ya gyara wa ɗalibi kuskure. In jan rubutu ya fito a fuskar kwamfuta, ɗalibi ya rikice, sai ya ja kujera ya zauna kusa da shi, ya sa shi ya karanta abin da na'urar ta ce da ƙarfi, kalma bayan kalma. Ta bango nake jin su. Wani har ya yi fushi ya fita, ya dawo ya tarar Malam na nan zaune yana jiransa.

Ya kasance mai haƙuri da ra'ayoyinmu, kuma Allah Ya sani muna da su. Wani ya ce zaman banza ne, yaro ya wuni yana danne-danne. Wani ya ce ai yanzu na'ura da kanta take rubuta manhaja, me ya rage a koya? Sai ya yi dariya ya ce to in ta rubuta ƙarya, wa zai kama ta? Daga wannan ɗan ɗaki mai fanka ɗaya aka samu wadda ke tsara bayanan marasa lafiya a asibiti yau, da direban da ya fara koyo da furfura a gemunsa.

Jama'a, da zan tsaya nan da na kyauta wa kowa, mu yi addu'a mu watse. Amma ba zan iya ba, don zuciyata ba ta kwanta ba.

Kun tuna lokacin da rediyo ta yi ta maganar 'yan damfara masu turo shafin banki na bogi su kwashe wa mutane ajiya. Abin ya dame shi. Ya ce ɗalibansa ba za su gane tarkon ba sai sun ga yadda ake haɗa shi, don haka ya sa kowa ya gina irin shafin a aji, ya nuna wa ɗan'uwansa inda ƙaryar take. Bankin da suka ƙirƙira babu shi a duniya. Tambarinsa ma hoton kyanwar nan ce da ke barci a kan janaretansa. Wata ɗaliba, don murna aikinta ya yi kyau, ta ɗauki hoton shafin ta tura wa danginta. Kafin la'asar hoton ya zagaye wayoyin unguwar nan, da rubutu a ƙasansa wai ga abin da ake koya wa 'ya'yanmu.

Babu wanda ya ƙara girman hoton ya ga kyanwa. Mun tura, an turo mana, mun sake turawa da addu'ar Allah Ya shirya. Iyaye suka janye 'ya'yansu, wasu ko sallama babu. Na bi shago shago ina bayani, aka ce ai dole in faɗi haka, maƙwabcinsa ne. Na roƙe shi ya rubuta raddi ya tura, ya ƙi. Abin da ya ce mini shi ne, "Tela, ƙofata a buɗe take. Wanda yake son sani ya tako ya gani."

Ba a tako ba. Amma kullum sai ya share ajin, ya goge kwamfutocin, ya jera kujeru duka kamar za a cika. Ɗaliban da suka rage ba su kai su cike layin gaba ba. Daga baya ya daina musu da ni a kan labarai, duk abin da na faɗa sai ya ce haka ne. Ranar da ya fara ce mini haka ne, ranar na ji tsoro.

Ban ce mu muka kashe shi ba. Ciwo ya zo, kwana ya ƙare. Amma ya tafi da mummunan sunan da muka liƙa masa, kuma har yau ba mu cire ba. Hajiya, kin haifi mutumin kirki, ki yafe mana. Mai ɗakinsa, mun san abin da kika ji a bakin famfo da cikin motar haya kika haɗiye. Yaya Babba, na ji ana shawarar a kwashe kwamfutocin a rufe ɗakin. Don Allah a dakata. In aka rufe yanzu, an tabbatar wa masu magana maganarsu ke nan. Babbar 'yarsa, wadda yake tsokana da Injiniya, ta ce za ta iya riƙe ajin in an bar ta, kuma na ji ta ta bango tana koyarwa ranakun da yake kwance.

Muna godiya ga duk wanda ya taso, da waɗanda suka yi jinya, da ɗaliban da suka tsaya. Roƙona ɗaya ne. Kujerun nan da kuke zaune a kai, na ajinsa ne, da safen nan muka fito da su. Tun ranar da hoton nan ya fita, yau ne karon farko da suka cika. In an shafa addu'a, kada a bar wa matasa kwasa. Kowa ya ɗauki wadda ya zauna a kai, ya kai ta ajin da hannunsa. Injiniya za ta kunna kwamfuta ta buɗe muku shafin. Ku tsaya ku duba da kyau kafin ku fita.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya bi shi da lada. Allah Ya raya abin da ya bari. Mu kuma Allah Ya yafe mana abin da muka tura ba mu gwada ba. Amin.