Daimon ɗin Ebenezer

A garejin Television, motar Kafanchan ba ta cika ba tukuna. Ebenezer na zaune a benci yana haska wani ɗan dutse da tocilar wayarsa, sai wata dattijuwa da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗana, me kake nema a cikin tsakuwar nan?"

"Daimon ne, Mama. An ba ni in duba kafin in saya. Zoben aure zan yi wa Hadassah da shi."

"Ikon Allah! Daimon a ƙullin leda kamar gishiri. Hura masa numfashi mu gani. Na gaske ba ya riƙe tururi."

Ya hura. Dutsen ya yi dishi-dishi, ya ƙi washewa.

"Wataƙila bakina ne ya cika zafi."

"Ƙwarai kuwa, laifin bakinka ne."

"Ke a ina kika san daimon?"

"Mijina ya ba ni irinsa ranar aurenmu. Sai da na kai shi kasuwa na ji ashe sunansa kwalba. Wa zai sayar maka?"

Ebenezer ya sunkuyar da kai. "Yayan Hadassah ne."

"Madalla! Saya ka sa mata a yatsa, ɗana. Kwalbar gidansu ce, za ta gane ta."