Mabuɗin da Na Karɓe Daga Hannun Kawu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya tara mu a wanga wuri cikin lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Mai girma shugaban wanga taro, kuma shugaban Ƙungiyar Manoman Rani da ta ba mu wanga ɗaki, Alhaji Mode, wanda za ku ji ina ce mashi Kawu, don yayan mahaifiyata ne. Mai girma wakilin uban ƙasa. Limamai da fastoci da sunka amsa gayyata. Iyayenmu mata da ke zaune ƙarƙashin rumfa. Malamarmu, Malama Maureen. Mai jarrabawa, Malam Patrick, wanda ya taso tun daga Sakkwato. 'Yan'uwana ɗalibai na Wurno da Rabah da Goronyo da Giyawa. Abokaina 'yan kabu-kabu, waɗanda sunka kashe babura sunka tsaya can baya don su ga ko da gaske ne ni za a miƙa ma takarda. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Sunana Abdulƙadiri Shafi'u, daga Magarya. Mu goma ne za mu karɓi takardar shaida yau, kuma ni ne na goma. Tara sun ci tun farko, ni na faɗi, sai da na sake. Da abokan karatuna sunka ce ni zan yi godiya a madadinsu, na ce masu a nemi mai kunya kaɗan, sunka ce shi ya sa sunka zaɓe ni.

Na farko, muna godiya ga waɗanda sunka kawo kwamfutocin ga, muna godiya ga ƙungiyar da ta ba mu ɗaki da sola, muna godiya ga iyalanmu da sunka yi haƙurin wata tara muna barin gona da babur muna zama gaban allo. Don a san mi munka koya, bari in faɗa a taƙaice. Mun koyi yadda ake ɗaukar kwamfuta babu komi cikinta, a zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Mun koyi yadda ake ja waya a haɗa biyar ko goma su riƙa magana da juna, a aje guda ɗaya ta zama uwa, wadda muke ce ma saba, ta riƙe fayilolin kowa. Mun koyi yadda ake buɗe ma kowane mutum suna da kalmar sirri, a ba shi izini daidai aikinai: wani ya karanta kawai, wani ya rubuta, mutum ɗaya tak ya riƙe babban mabuɗin da ke iya gyara komi, ya kuma iya share komi. Ku riƙe wanga na ƙarshe, don a nan ne na faɗi.

Na biyu, akwai abin da da yawa cikinku ba ku sani ba. Waɗanda sunka kawo kayan sun kafa sharaɗi: in mutum goma ba su ci jarrabawa ba kafin shekara ta fita, za su kwashe kwamfutocin su kai wani gari, aikin Malama Maureen a nan kuma ya ƙare. Mu goma sha huɗu munka fara. Biyu shukar albasa ta janye su, biyu sunka tafi ci-rani. Munka rage goma cif, babu ko rarar mutum ɗaya.

Jarrabawar ba ta takarda ba ce, ta hannu ce. Ni anka tura ofishin ƙungiya, anka ce in haɗa kwamfutoci biyar da saba ɗaya, wadda za ta riƙe rajistar manoma ɗari huɗu da goma sha biyu: sunan kowa, da fegin gonatai, da ranar da ruwa zai shigo mashi. Malam Patrick na zaune gefe da takardatai, ba ya murmushi, ba ya tari, sai dai alƙalami na motsi. Na zuba manhaja, na haɗa waya, na sa saba ta riƙa kwafe komi kullum da azahar ta aje a wani faifai dabam, yadda Malama ta dame mu da shi har munka riƙa kwaikwayon muryarta a bayan ido. Komi ya tafi daidai, har na fara tunanin rigar da zan sa yau.

Sai ga Kawu ya shigo duba aiki.

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Wanga mutum shi ya yanka ragon sunana. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya saya mani babur ɗin da nake ci da shi. Ga shi tsaye bisa kaina, ga ni ina rarraba izini. In sa sunanai cikin masu karatu kawai, ni kuma da ya goya in riƙe babban mabuɗi? Hannuna ya ƙi. Na buɗe mashi suna, na ba shi iko duka, na kuma faɗa mashi da murya mai ƙarfi don ya ji daɗi. Ya ji daɗin kuwa, ya sa mani albarka. A lokacin ne na ga alƙalamin Malam Patrick ya yi wani dogon rubutu.

Da anka tashi, ya nuna mani takardar. Layi goma sha ɗaya na ci, layi ɗaya ya rubuta cewa ban kai ba tukuna. Na yi mashi bayanin wane ne Alhaji a wurina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ya fahimta sarai, shi ma yana da kawu, amma takardar ba ta tambayi wanda nake girmamawa ba, ta tambayi wanda aikinai ke bukatar mabuɗin.

Raina ya ɓaci, kuma abin da na yi bayan nan har yau ina jin kunyatai. Na tafi wurin Malama Maureen, na ce mata ai ita da Malam Patrick yarensu ɗaya, cocinsu ɗaya, ta yi mashi magana mana, layi ɗaya ne kawai. Na tuna mata cewa in ban ci ba, tara ne, kuma ita ce za ta rasa aiki, ba ni ba. Ta dube ni ta ce: "Malam Abdulƙadiri, na san lissafin, tun kafin ka zo na yi shi. Amma da in aike ka cikin mutane da takardar abin da ba ka iya ba, gara a kwashe kayan. Ka je ka karɓe mabuɗin nan, ka dawo mu yi shiri."

Ban je ba, ban kuma dawo ba. Na koma tasha da baburina. In na hango ta bakin hanya tana jiran abin hawa, sai in karkata kai awa ban gan ta ba. Sati uku ina haka. Ashe ita da kanta ta tafi wurin Kawu ta yi mashi bayani cikin ladabi, ya ce mata ɗansa ne ya ba shi, ɗansa ne zai karɓa. Kun dai san Kawu in ya kafe.

Ranar wata Laraba, ana gobe za a fara sakin ruwan rani, Mahbuba, abokiyar karatunmu wadda ƙungiya ta ɗauka aiki bayan ta ci jarrabawarta, ta kira ni ta ce in aje duk wanda na ɗauko in zo, tunda ni na haɗa sabar ofis. Na ishe manoma cike da ƙofar ofis, kowa ya zo jin ranar ruwansa, an fara ɗaga murya. Wani dattijo ne ya rasu, Kawu ya zauna da niyyar cire sunanai shi kaɗai, kwamfuta ta tambaye shi da Turanci ko ya tabbata, shi kuwa mutum ne da bai saba ja da baya ba, ya danna, ashe sunayen duka ya zaɓa. Rajista duka ta tafi, daga kwamfutoci biyar gaba ɗaya. Kowa a nan ya san mi rikicin ranar ruwa ke jawowa tsakanin maƙwabta. Kawu na zaune bisa kujera, hula a hannu. Tunda nake ban taɓa ganin kansa babu hula cikin mutane ba.

Na buɗe akwatin ƙarfen da saba ke ciki, na ɗauko faifan nan da saba ke kwafe komi cikinsa da azahar, wanda munka riƙa yi ma Malama dariya a kai. Na haɗa shi da kwamfuta. Minti ashirin, sunaye sunka dawo, ɗari huɗu da goma sha biyu, har da na mamacin. Mahbuba ta fita ta fara karanto ma mutane ranakunsu, hayaniya ta kwanta.

Sai ya rage ni da Kawu a ɗaki. Na durƙusa gabanai, na ce: "Kawu, laihina na, ba naku ba. Ni nib ba ku abin da bai kamata in ba ku ba, don ina jin nauyinku. Ku yi haƙuri, za ni karɓe shi yanzu, ku riƙa ganin komi, amma ba ku iya share komi."

Ya dube ni. Sannan ya maida hulatai, ya ce: "To mi ya hana ka hwaɗa min tun ranan nan? Shekara nawa kana gidana, ka taɓa ganin na bar wani ya taɓa injin ban-ruwana don shina da hurhura? Wanda ya san shi ɗai ka tada shi. Karɓe abinka, Ƙadiri."

Na karɓe a gabanai. Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar Malama. Na shirya dogon ban-haƙuri a hanya, ba ta bari na kai rabi ba, ta ce saura kwana goma sha tara shekara ta fita, in zauna mu fara.

Na uku, godiya ta musamman ga Malam Patrick. Da ya dawo, na zaci tunda ya ji labari zai sassauta. Ya sa na share komi na faro daga tushe. Ya zare waya ɗaya a ɓoye ya bar ni ina nema. Ya rikita mani lambar wata kwamfuta ta daina ganin saba. A ƙarshe ya gyara zama, ya yi murya irin ta manya, ya ce shi babban baƙo ne daga birni, in ba shi babban mabuɗi. Na ce mashi: ranka ya daɗe, wane aiki za ka yi da shi? Ran nan na fara ganin haƙoran Malam Patrick. Malam, mun gode da ka ƙi tausaya muna ta hanyar da za ta cuce mu. Duk inda munka nuna takardar ga, mun san abin da ke cikinta gaskiya ne.

Saura magana ɗaya, kuma Malama ba ta san na sani ba. Mahbuba ce ta faɗa mani bayan komi ya wuce. A cikin sati ukun nan da nake karkata kai bakin hanya, Malama ta riga ta ɗaure kayanta. Akwati biyu da buhun littattafai na jingine bayan ƙofa, ta ma nemo ma ɗiyarta makaranta can garinsu. Kullum da safe tana tsallake kayan ta fito ta buɗe wanga ɗaki, ta kunna kwamfutar da nake zama, ko zan zo. Magana ɗaya za ta yi ma Malam Patrick ta kwance kayan nan, ba ta yi ba.

Malama, don Allah ki miƙe jama'a su gan ki. Kin bar garinku kin zo namu, kin koya muna sana'a, kin kuma yarda ki rasa aikinki don kada a ba ni abin da ban cancanta ba, ni da nake wuce ki a rana. A gaban iyayena da abokaina ina roƙon ki yafe mani. Ɗalibai ashirin da biyu sun rubuta suna don zango mai zuwa, kuma 'yan kabu-kabu da ke can baya sun ce in faɗa maki, daga yau babu wanda zai sake wuce ki bakin hanya, ni ne kuma na farko a layi. Ki kwance kayanki.

Allah ya saka ma Malama Maureen da alheri, ya raya mata ɗiyarta. Allah ya maida Malam Patrick gida lafiya. Allah ya ƙara ma Kawu girma da nisan kwana, ya albarkaci ruwan bana da albasar bana. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, daga Wurno har Rabah har Goronyo. Mu kuma da anka damƙa muna mabuɗan mutane, Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ko a gaban wanda muke jin nauyi. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Na gode.